Jangorzo ta Maraɗi: Sama da shekara 40 kofin ƙasa bai bar Yamai ba, laifin wa?

A shekarar 1983 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jangorzo da ke Maraɗi ta yi abin da babu wata ƙungiya daga wajen babban birni da ta taɓa yi a Jamhuriyar Nijar. Ta lashe gasar rukuni na ɗaya ta ƙasa, ta kuma haɗa da kofin ƙalubale a shekara guda. Da shekara ta zagayo, Espoir ta Damagaram ta maimaita wannan bajinta a 1984, ita ma ta kwashe kofunan biyu. Daga nan ƙofa ta rufe. Tun daga 1985, duk ƙungiyar da ta zama zakarar gasar Nijar 'yar Yamai ce.

Jaririn da aka haifa a unguwar Bagalam ko a Sarkin Yamma a shekarar da kofi ya zo Maraɗi yanzu ya haura shekara 40, wataƙila ma ɗansa ne ke buga ƙwallo a filin makaranta da yamma. Wannan ɗan zai lissafa maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci, amma ka tambaye shi ƙungiyar da ta fara fitar da kofin ƙasa daga Yamai, sai ya tsaya yana kallonka.

Ra'ayina shi ne ƙafafun yaran Maraɗi ba su mutu ba. Abin da ya rasa tushe shi ne ƙungiyar gari, wadda ba ta da ma'aikatar gwamnati a bayanta. Idan ana son Jangorzo ta dawo da martabarta, sai ta zama mallakar dubban mutanen jihar, na gida da na ci-rani, ta kuma kafa saiwarta a ƙananan hukumomi irin su Sarkin Yamma, Safo da Jiratawa. Jiran wani attajiri ɗaya ko wani gwamna mai son ƙwallo ba zai kai mu ko'ina ba.

Abin da Jangorzo ta karya

Sai an duba jerin zakarun da suka gabace ta kafin a gane girman abin da ta yi. An fara gasar ƙasa a 1966, kuma ƙungiyar Secteur 6 ta Yamai ce ta lashe ta sau biyar a jere har zuwa 1970. Ita ce daga baya ta koma Olympic FC, kamar yadda Secteur 7 ta koma Sahel SC. Ƙungiyar sojoji ta AS FAN ta ɗauka a 1971 da 1975. Olympic ta riƙe kofin daga 1976 zuwa 1978, sannan AS Niamey ta riƙe shi daga 1980 zuwa 1982. Shekara 17 kofin yana zagayawa tsakanin unguwannin gari ɗaya, kamar kuɗin adashe tsakanin matan gida guda. Jangorzo ce ta fara shiga wannan adashe ba tare da an gayyace ta ba.

Sunan ƙungiyar kansa ya isa ya gaya maka daga inda ta fito. Duk Bagobiri da Bakatsinen Maraɗi da ya ji Jangorzo zai tuna Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir da ya yi mulki a Alkalawa a ƙarshen ƙarni na 18, wanda zuriyar sarautarsa ta dawo Tsibiri, 'yan kilomitoci kaɗan daga Maraɗi. Ɗaya ƙungiyar garin da ita ma ta buga rukuni na ɗaya, Ɗan Kasawa FC, tana ɗauke da sunan Sarkin Katsina da ya kafa zamansa a Maraɗi bayan jihadi. Waɗannan sunaye ne na mutanen gari, ba taƙaitaccen sunan wani ofishi ba.

A wancan zamani ƙwallo a Nijar ba sana'ar da mutum zai rataya rayuwarsa a kai ba ce. Ɗan wasa yana da abin da yake yi da safe, ko karatu, ko aikin hannu, ko kasuwa, da la'asar ya zo atisaye. Har yau mafi yawan 'yan wasan ƙungiyoyin jihohi haka suke, rabi sana'a rabi sha'awa. Ɗan abin da ake ba su bayan wasa ba ya riƙe gida, shi ya sa za ka tarar da mai tsaron baya yana kabu-kabu, mai tsaron gida yana ɗinki.

Maraɗin 1983 kuwa gari ne da kuɗi ke yawo a cikinsa. Bayan zamanin gyaɗa, alhazan garin sun yi ƙarfi da fataucin kaya zuwa Najeriya a lokacin da man fetur ya cika aljihun maƙwabta. Mai bincike ɗan Faransa Emmanuel Grégoire har littafi ya rubuta a kansu, wanda ya fito a 1986. A ɓangare guda kuma gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da Samariya, wadda ta tsara matasa unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, ana gasar wasanni da ta al'adu tsakanin yankuna. Ko me mutum zai ce game da siyasar wancan lokaci, yaro mai ƙafa yana da tsanin da zai taka daga unguwarsu har idon manya ya gan shi.

Yadda kaki ya mamaye fili

Ku duba waɗanda suka ɗauki kofin a 'yan shekarun nan. AS Douanes ta jami'an duwan ta ɗauka a 2013 da 2015. AS GNN ta dakarun Garde Nationale ta ɗauka a 2014 da 2023, bayan waɗanda ta ɗauka a baya. AS FAN ta sojoji ta ɗauka a 2016 da 2017. AS SONIDEP ta kamfanin man fetur na ƙasa ta ɗauka a 2018 da 2019. USGN ta jandarmomi ta ɗauka a 2021, sai ASN Nigelec ta kamfanin wutar lantarki a 2022. Daga 2013 zuwa 2023 babu ƙungiyar unguwa ko ta gari ko ɗaya a jerin. Hatta Sahel da Olympic, tsofaffin gidajen ƙwallon Yamai masu ɗimbin magoya baya, an ture su gefe. Rabon Sahel da kofin a wannan tsakani tun 2009, Olympic kuma tun 2012.

Dalilin a fili yake. Ƙungiyar ma'aikata tana da kasafin kuɗi da ke zuwa kowace shekara, tana da motar tafiya, tana da wurin kwana, tana da likita. Abin da ya fi duka, tana iya ce wa yaro ya zo ya buga mata, in ƙafa ta gaji akwai damar kaki ko aikin ofis. Wane uba ne a Madarunfa zai ce wa ɗansa ya ƙi wannan tayin ya zauna a ƙungiyar da ba ta da tabbacin kuɗin man mota zuwa wasa na gaba? Duk yaron da ya yi fice a Maraɗi, kakar wasa ɗaya ko biyu zai yi, Yamai ta ɗauke shi. Ƙungiyar da ta raine shi ta koma neman wani daga farko.

Sai kuma nisa. Tsakanin Maraɗi da Yamai ya haura kilomita 600. Da yake mafi yawan ƙungiyoyin Super Ligue a babban birni suke, ƙungiyar Yamai takan buga yawancin wasanninta na waje ba tare da ta bar gari ba, 'yan wasanta su kwana a gidajensu. Ita kuwa ta Maraɗi, kusan kowane wasan waje yini guda ne a mota, ga kuɗin masauki, ga abinci, ga gajiya. Kafin alƙalin wasa ya busa usur, an riga an ci ta ɗaya a aljihu, ɗaya a jiki.

Adalci ne a faɗi alherin ƙungiyoyin kaki. AS FAN ce ta kai matakin rukuni a gasar Confederation ta Afirka a 2010, bayan ta fitar da Étoile du Sahel ta Tunisiya a hanya. USGN ta kai wannan mataki a kakar 2021 zuwa 2022, inda ta kara da Simba ta Tanzaniya, da ASEC ta Abijan, da RS Berkane ta Maroko. Moussa Maazou, wanda ya ci Masar ƙwallo a Yamai a 2010 a hanyar Mena ta zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012, daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam, daga can ya wuce CSKA Moscow. 'Yan wasan cikin gida da Harouna Doula ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN a Aljeriya a farkon 2023, bayan sun doke Ghana da ci 2 da nema, akasarinsu daga irin waɗannan ƙungiyoyi suka fito. Ba don su ba, da yara da yawa ba su ci abinci da ƙwallo ba.

Amma akwai abin da ba su da shi, kuɗi kuma ba ya sayensa. Babu yaron da ke tashi yana jin cewa kamfanin lantarki garinsu ne. Shi ya sa za ka ga wasan manyan ƙungiyoyi a filin Seyni Kountché kujeru fayau, alhali gidan kallon ƙwallon Turai da ke bayan filin ya cika har waje. Gasar da babu 'yan kallo ba ta jawo masu talla, gasar da babu masu talla kuma dole ta ci gaba da dogaro da baitulmali. Haka abin ke ta zagayawa.

Abin da ƙasa ke asara

A ƙidayar 2012, jihar Maraɗi tana da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, Damagaram sama da miliyan 3 da rabi, Yamai kuma miliyan 1 da 'yan kai. Kusan rabin al'ummar Nijar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wato inda yaran suka fi yawa, nan ne ƙwallon ya fi rauni. Ƙasar da ke zaɓen 'yan wasanta daga gari ɗaya kamar manomi ne mai gona faɗin ido da ke shuka kusurwa guda, sannan yana kukan rumbu bai cika ba.

Ɗauki yaro a Sarkin Yamma, wadda ba ta da nisa da birnin Maraɗi. Yana buga ƙwallo ba takalmi a filin makaranta, da babban hutu ya shiga gasar da matasan gari ke haɗawa, a ci rago ko 'yan kuɗi, a watse. Babu wanda ya rubuta sunansa a ko'ina. Da ya kai shekara 16 ko 17, aikin gona da na lambu ya karɓe shi, in rani ya yi ya bi 'yan uwansa Kano ko Legas, ko ya nufi Agadas da wuraren haƙar zinariya, ko Libiya da Aljeriya. Ko da shi ne ya fi kowa ƙafa a faɗin ƙasar, babu wanda zai taɓa sani.

Ba a rasa fili ba. An yi wa Maraɗi gyare-gyare a bikin Maraɗi Kwalliya na 18 ga Disamba 2015, kuma a watan Fabrairun 2019 filin wasan garin ya karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20. Senegal, Mali, Ghana da Burkina Faso ne suka yi rukuninsu a nan, kuma biyu daga cikinsu, Mali da Senegal, su suka buga wasan ƙarshe, Mali ta ɗauki kofin. Mutanen Maraɗi sun fito sun kalla. Wannan ya nuna cewa in aka kawo ƙwallo mai kyau, akwai masu kallo. Sai dai gini ba ya cin ƙwallo. Baƙi sun tafi, filin ya rage, tambayar wa zai riƙa cika shi kowane mako ta rage.

Mu dubi kokowa, domin amsar tana kusa da mu. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ake kewayawa da ita jiha-jiha. Kowace jiha tana tace 'yan kokowarta tun daga ƙauye, zuwa gunduma, zuwa babban birnin jiha. Ɗan kokowa yana shiga fili da sunan jiharsa, shi ya sa in ya yi kaye ake guɗa daga Madarunfa har Dakoro, 'yan ci-rani a Abijan da Tripoli suna manne da waya. Takobi yana zuwa Doso, yana zuwa Tawa, yana zuwa Maraɗi, babu wanda ya ce gadon gari ɗaya ne. Ƙasa ɗaya ce, talauci ɗaya ne, amma kokowa ta san hanyar ƙauye, ƙwallo kuwa ta tsaya a bakin kwalta.

Aljihu ɗaya ba ya riƙe ƙungiya

Da an tayar da wannan magana a fada, amsar da aka saba ji ita ce alhazan Maraɗi su taimaka. Allah ya saka wa waɗanda suka yi shekaru suna cire kuɗi daga aljihunsu don yara su je wasa. Amma arzikin Maraɗi a kan iyaka yake, iyakar kuma ba a hannun Maraɗi take ba. A watan Afrilun 1984, shekara ɗaya bayan nasarar Jangorzo, gwamnatin Buhari ta soja ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya haɗu da fari, har mutanen yankin suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa cikin 2024. Duk ranar da kasuwa ta tsaya, abu na farko da ɗan kasuwa zai yanke shi ne kuɗin ƙwallo, kuma babu mai ganin laifinsa. In ya rasu, magada ba lallai su gaji sha'awarsa ba.

Ba a Nijar kaɗai ake ganin haka ba. Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar Najeriya a 1978, yau sai dattawa ke tuna ta. A Faransa, ƙungiyar Calais ta 'yan sha'awa da ke rukuni na huɗu ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 2000, Nantes ta doke ta da ƙyar 2 da 1, duniya ta yi ta labarinta. A 2017 bashi ya rufe ta. Bajintar shekara ɗaya ba ta ciyar da ƙungiya shekara 20.

Wasu kuma sukan ce a yi irin na Kano Pillars, gwamnati ta ɗauki nauyi. Gaskiya ne Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta lashe gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Amma kasafin jihar Kano daban, na majalisar birnin Maraɗi daban. Kuma ƙarfin Pillars na gaskiya shi ne dubban mutanen da ke cika filin Sani Abacha suna kiran Sai Masu Gida, waɗanda ba su gudu ba ko da ta faɗa rukuni na biyu a 2022. Wannan ɓangaren ne ya kamata Maraɗi ta kwaikwaya.

Ƙungiyar masu kati

Abin mamaki, ƙungiyoyin da matasanmu ke kusan dambe a kansu irin wannan tsari suke bi. Real Madrid da Barcelona ba mallakar wani attajiri ba ne, na mambobi ne masu biyan kuɗin kati, su ke zaɓen shugaba, su ke tsige shi da ƙuri'a. A Jamus doka ce mambobi su riƙe rinjayen ƙuri'a a kusan dukkan ƙungiyoyi. A nan Afirka, Simba da Yanga na Tanzaniya da mambobi suka ginu.

Mu yi lissafin da kowa zai iya yi a kan takarda. A ce mutum 5,000 sun yanki katin Jangorzo, kowa yana biyan jika ɗaya, wato sefa 1,000, a wata. Miliyan 5 ke nan a wata, miliyan 60 a shekara. In aka ba 'yan wasa 25 sefa 60,000 kowannensu, wanda ya haura mafi ƙarancin albashi na 42,000 da doka ta tsayar, miliyan 1 da rabi ya tafi a wata. Saura ya isa mai horarwa, da mota, da masauki, da magani, har a ware wani abu don yara. Wannan ba zai sa ta fi ƙungiyar sojoji kuɗi ba, amma zai sa yaro ya yi tunani sau biyu kafin ya tattara kayansa. Mutum 5,000 a jihar da ta haura miliyan 3 ba abin a zo a gani ba ne. Da yawanmu abin da muke kashewa a gidan kallo da katin intanet don wasannin Ingila da Sifaniya a wata ya fi jika.

A nan ne 'yan ci-rani ke da babbar rawa. Ɗan Maraɗin da ke Kwatano, Abijan, Makka, Faris ko New York yana aika kuɗi gida ta Nita ko Al Izza cikin 'yan mintoci. Ƙungiyoyin 'yan gari a ƙasashen waje sun saba haɗa kuɗin gina masallaci, da haƙa rijiya, da kai gawa gida. Tsarin yana nan, amanar tana nan. Abin da ya rage shi ne a ba su dalilin sa ƙwallo a ciki, a kuma riƙa nuna musu wasan kai-tsaye a Facebook ko YouTube, wanda waya ɗaya mai kyau da matashi ɗaya mai himma sun isa su fara.

Sharaɗin kuwa ɗaya ne, kuma shi ne mafi wuya: lissafi a fili. Babu wanda zai biya wata uku a jere in bai san inda kuɗinsa ke tafiya ba. Dole a yi asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, a riƙa fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata, a yi babban taro sau ɗaya a shekara, mai kati ya yi zaɓe ko yana Zariya ta Maraɗi ko yana Zariya ta Najeriya. Attajiri yana da wurinsa, ya sa sunan kamfaninsa a riga ya biya, amma kujerar shugabanci ta masu kati ce. A kuma nisanta ƙungiyar da jam'iyya, domin duk abin da ya hau motar siyasa tare da ita yake faɗuwa.

Takardar haihuwa ma jari ce

Akwai kuɗin da ƙungiyoyinmu ke bari a ƙasa saboda sakaci da takarda. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A ce yaro ya yi shekara shida a hannun Jangorzo, daga 12 zuwa 17, daga baya wata ƙungiyar Turai ta saye shi daga wata a kan Yuro miliyan 1. Rabon Jangorzo kashi 2 cikin 100 ne, Yuro 20,000, sama da sefa miliyan 13. In aka sake sayar da shi, a sake biya. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin sawun waɗannan kuɗaɗe ya kai wa masu su.

Amma ofishin ba ya karɓar shaidar baki. Sai yaro yana da lasisi a rajistar hukumar ƙwallo, lasisi kuma ba ya samuwa sai da takardar haihuwa ta gaskiya. A nan ne magajin garin Sarkin Yamma da na Gabi da na Ɗan Isa suka shigo cikin maganar ƙwallo, ko da ba su taɓa shiga filin wasa ba. Yaron da aka yi wa takarda a kan lokaci, aka rubuta shi a ƙaramar ƙungiyar ƙauyensu da ke da yarjejeniya da Jangorzo, ya zama jari ga ƙauyen da ƙungiyar baki ɗaya. Wanda aka rage wa shekaru kuwa, ranar da aka gano, shi da ƙungiyar duk sun yi asara.

Génération Foot ta Senegal da haka ta tashi. Mady Touré ya kafa ta a 2000, ta ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa, ta fitar da Sadio Mané da Ismaïla Sarr, ta kuma zo ta lashe gasar Senegal. Shi kansa Mané ɗan ƙauyen Bambali ne da ke kudancin ƙasar, nesa da Dakar. Bambancinsa da yaron Sarkin Yamma shi ne ya samu ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Saboda haka kada Jangorzo ta tsaya a birni. Ta ɗauki gasar babban hutu da matasa ke yi da kansu a ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa, da Tsibiri, Gidan Runji, Agye da Tasawa, ta mayar da ita wurin zaɓe. Malamin makaranta ɗaya a kowane gari da aka ba horo, da ƙwallaye goma, da littafin rajista, sun isa a fara. Sharaɗin shiga shi ne yaro yana zuwa makaranta, ta boko ko ta allo, domin cikin ɗari da wuya biyu su ci abinci da ƙwallo.

Rabon hukuma

Wannan ba ya sauke wa FENIFOOT nauyi. Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, ya hau kujerar shugabancinta a 2009, kuma a watan Maris na 2025 aka zaɓe shi a majalisar FIFA. A ƙarƙashin shirin FIFA Forward, kowace hukumar ƙasa tana iya samun har dala miliyan 8 tsakanin 2023 da 2026. Masu son ƙwallo a jihohi suna da haƙƙin su ga a rubuce nawa ne daga ciki ya wuce Doso ya nufi gabas.

Abubuwa uku ba su fi ƙarfin hukumar ba. Na farko, tallafin tafiya ya bi kilomita, wanda ya fi nisa ya fi samu. Na biyu, duk ƙungiyar da ta ɗauki yaro daga ƙungiyar jiha ta biya diyyar raino ta cikin gida, a rubuce, kafin a ba shi sabon lasisi. Na uku, a riƙa kewayawa da wasan ƙarshe na kofin ƙalubale zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa da Agadas, kamar yadda ake yi da takobi.

Na san akwai mai cewa ana fama da tsadar hatsi, 'yan bindiga suna satar mutane da shanu a ƙauyukan Madarunfa da ke bakin iyaka, wa ke ta ƙwallo? Maganarsa tana da nauyi, kuma ƙwallo ba ta maye gurbin tsaro ko abinci. Amma waɗanda ake ja zuwa daji, da waɗanda ke faɗawa shan ƙwaya, da waɗanda ke mutuwa a hamada, shekarunsu ɗaya da masu buga gasar babban hutu. Matashin da ke da atisaye ƙarfe huɗu, da mai horarwa da zai neme shi in bai zo ba, da riga mai sunan garinsu, yana da abin da zai rasa in ya kauce. Jika ɗaya a wata ba ta yi tsada a kan wannan ba.

Waɗanda suka buga wa Jangorzo a 1983 yanzu dattawa ne, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Aiki na farko da ba ya buƙatar ko dala shi ne matasan Maraɗi masu waya su neme su, su ɗauki muryoyinsu, su tattara hotunan da suka rage a cikin akwatuna kafin gara ta gama da su. Gidajen rediyon garin su ba su fili. Aiki na biyu shi ne shugabannin ƙungiyar su kira taro, su buɗe littafi, su buga kati. Daga nan sai a ga ko mu da ke cika baki da sunan Maraɗi a Facebook za mu iya cire jika ɗaya.